Yarinyar da Ba a Yanka wa Kati Ba

Duk wanda ya taɓa kai ciwon ido asibitin nan ya san taga ta farko a hannun dama, mai ƙarafuna shida, ya kuma san matar da ke zaune a bayanta. Uwar Kati ake ce mata. Likitoci haka suke kiranta, masu shara haka, har mijinta in ya so tsokana haka yake ce mata. Shekara ashirin da uku ke nan tana yanka wa marasa lafiya kati, tana buɗe musu fayil, tana jera fayilolin a kantoci goma sha ɗaya da suka cika ɗakin har rufi. In ka faɗa mata lambarka ba ta duba littafi, miƙewa kawai take yi ta zaro maka.

Da tsintsiya ta shigo gidan. Tana sharar ɗakin kati ne tsohon da ke riƙe da shi a lokacin ya ga rubutunta a bayan wani kwali, ya ce wannan hannu ya fi ƙarfin tsintsiya. Shi ya zaunar da ita ya koya mata aikin, kuma abu biyu ya dasa mata kafin ya yi ritaya. Na farko, duk takardar da ta shiga fayil sai an sa mata lamba da fensir a kusurwar sama, a huda ta, a zura mata zare a ɗaure. Na biyu, ba kati, ba ganin likita. Ta riƙe waɗannan biyu gam. An taɓa yin matar wani babban mutum da ta zo da direba da mai riƙe mata jaka, ta nufi ɗakin likita kai tsaye. Uwar Kati ta leƙo ta taga ta ce, "Hajiya, ta nan ake farawa." Matar ta cika ta yi fam, amma ta dawo ta yanki katin. Mako guda ana dariyar abin a ɗakin shan shayi.

Sai dai gidan yana da wata ɗabi'a da ta girmi kowa a cikinsa, ba a kuma rubuta ta ko'ina ba: ɗan gida ba ya yankar kati. In ɗan mai gadi ya tashi da ido a kumbure, ko uwar mai wanki ta fara gani hazo-hazo, ba a sa su a layi. A baranda ake tare likita, ya zaro 'yar tocila daga aljihu ya haska, ya ce wa nas ta ba da magani daga durowa, shi ke nan. Karamci ne, kowa yana alfahari da shi. Ita kanta Uwar Kati, duk tsaurinta, ba ta taɓa ganin aibinsa ba.

'Ya'yanta huɗu. Ukun farko maza ne, duk sun girma sun kama gabansu, sannan bayan ta fid da rai sai ga 'yar auta. Yarinyar tun da ta iya magana bakinta bai huta ba, shi ya sa uban, direban babbar mota mai yin mako uku a hanya, ya sa mata Rediyo. Shekararta shida lokacin da idonta na hagu ya yi ja.

Wata Litinin ce uwar ta taho da ita wurin aiki. Sun ci sa'a, suna shiga baranda sai ga Babban Likita da kofin shayi a hannu. Mutum ne mai fara'a, shekara ashirin suna gaisawa kullum, ya san sunan duk 'ya'yanta. Ya miƙa wa Uwar Kati kofin ta riƙe masa, ya sunkuya ya haska idon, ya ce apolo ne, ya cika gari. Ya ɗaga murya ya kira Sista ya ce ta ba 'yarsa Rediyo maganin ɗigawa.

Sista ita ce shugabar nas-nas, kuma ba a gidan ba, ko a duniya Uwar Kati ba ta da aminiya kamarta. Tare suka fara aiki. Kwano ɗaya suke cin abincin rana, Sista tana ce mata Yaya, ita ce ma ta karɓi haihuwar Rediyo. Ta buɗe durowa ta ɗauko kwalba ta ce, "Sau huɗu a rana, Yaya. Ke kuma sarkin surutu, kada in ji kin murza."

Jan ya tafi. Bayan mako uku ya dawo. Wannan karon wani likita ne suka tare a bakin matakala, ya haska, ya ce ƙura ce take damunta, ya canza magani. Aka sake samun sauƙi, aka sake komawa. Haka aka yi ta yi, yau wannan gobe wancan, kowa ya haska daƙiƙa goma ya ambaci kwalbarsa. Ba wanda ya san abin da na baya ya gani, ba wanda ya san abin da ya bayar, don babu takardar da za a duba. Kowane likita ganin farko yake yi mata.

A wata na uku uwar tana yi wa yarinyar kitso, ta kwantar da kanta a cinya, sai ta ga wani abu. A ƙasan baƙin idon akwai wani fari da ya kwanta, kamar garin da ya zauna a gindin kofi. Da yarinyar ta karkata kai, sai farin ya gangara gefe a hankali. Ta juyar da kan, ya dawo. Kitson da ba a gama ba ke nan.

Washegari da sassafe ta zaro sabon kati ta ɗauki biro. Ta rubuta harafin farko ke nan Sista ta leƙo, ta ga Rediyo a kan benci, ta ga katin, ta fizge shi. "Haba Yaya! Kunya za ki ba mu? 'Yarmu ce za ta bi layi da mutanen gari? Wallahi ba a gidan nan ba." Ta ja hannun yarinyar suka tare Babban Likita yana shirin shiga mota.

Ya haska, ya ɗan daɗe wannan karon, ya ce kumburi ne a cikin ido, mugunya ce ta kwanta, yara suna yin haka. Ya ce a ba ta magani mai ƙarfi. Uwar Kati ba likita ba ce, amma fayil nawa ya bi ta hannunta? Akwai waɗanda take manna wa jan tambari, na yara masu ciwon dajin ido, ta san yadda suke yin kauri da sauri sannan su daina fita daga kantocin. Ta yi ƙarfin hali ta ce, "Ranka ya daɗe, anya ba wannan mugun ciwon ba ne?"

Ya tuntsire da dariya. "To fa! Uwar Kati ta zama likita, sai mu koma taga. Wannan ciwon na jarirai ne, 'yan shekara ɗaya, biyu. Kuma tsakiyar idon ce take yin fari tana ƙyalli kamar idon mage. Kin ga ƙyalli a nan? Shekararta nawa?"

"Shida."

"To, kin gani. Ki kwantar da hankalinki."

Ta kwantar. Kai, har godiya ta yi ta zubawa, ta karɓi jakarsa ta sa masa a mota. Me za ta yi? Mutumin da ya buɗe idon dubban mutane ya ce ba komai, kuma abin da take mutuwar son ji ke nan.

Maganin mai ƙarfi ya yi aikinsa na rufe baki. Jan ya ragu, farin ya ɗan ja baya, kowa ya ce an gama. Wata huɗu, wata biyar, wata shida, abin yana tafiya yana dawowa. Duk wanda ya wuce ta taga sai ya ce, "Ya idon 'yarmu?" Ta ce da sauƙi. Sau tara cif aka haska idon nan a baranda, ta ƙirga, don ƙirga ta zame mata jiki.

A wata na bakwai Rediyo ta fara karo da ƙyauren ƙofa ta ɓangaren hagu. Launin idon ya canza, ya yi duhu ya fi ɗan'uwansa. Wata safiya ta tashi da kuka tana riƙe da kai, ta yi amai sau biyu, surutun nan duk ya ɗauke. Babban Likita ya tafi taro, Sista tana hutu. Wadda ke aiki ranar wata sabuwar likita ce, 'yar siririya mai tabarau, wata biyu da zuwanta, ba ta ma iya gaisuwa da kyau ba. Uwar Kati ta tare ta a baranda kamar yadda aka saba.

"Ina katinta?" in ji likitar.

"'Yata ce, likita. Ni ce ta ɗakin kati."

"Na sani, Mama. Ina katinta?"

"Mu 'yan gida ba ma yanka."

"To ni ba na duba ido a baranda. A yanka mata, ta bi layi, zan gan ta."

Ran Uwar Kati ya ɓaci ainun. Wannan yarinyar da ta haifi wanda ya girme ta ce za ta karanta mata dokar da ta tsufa a kanta? Ta koma taga tana huci, ta yanki katin har biron yana huda takarda, ta zaunar da 'yarta a kan benci ita ce ta goma sha bakwai. Masu shara suna wucewa suna riƙe baki.

Da layi ya zo kansu, likitar ba ta ma taɓa tocila ba sai da ta yi kusan rabin awa tana tambaya. Yaushe ya fara? Wa ya gani? A ina? Me ya bayar? Uwar Kati ta zayyano mata duka taran, rana da wata, sunan kowane likita da kowace kwalba, ita kuma tana rubutawa har ta cika takarda biyu. Sannan ta ɗiga wa yarinyar maganin da ke buɗe ƙwayar ido, suka jira, ta ɗaura fitila a goshi ta duba, ta sake dubawa. Ta kai ta ɗakin hoto da kanta. Da suka dawo ta rufe ƙofa ta ce, "Mama, zauna."

Ta yi mata bayani a hankali. Ta ce akwai wani nau'in ciwon dajin ido da ba ya yin ƙullutu, shimfiɗuwa yake yi a cikin idon, shi ya sa ko a hoto ba ya fitowa sosai. Ba ya yin ƙyallin da aka saba gani, kuma manyan yara yake kamawa, 'yan shekara shida, bakwai. Farin nan da ya kwanta ba mugunya ba ce, ƙwayoyin ciwon ne suke zubowa. Ta ce yana yaudarar manyan likitoci, ba ƙarya. "Amma da an ga wannan a jere," ta ɗora yatsa a kan takardun da ta cika, "wata bakwai, magani biyar, ba warkewa, ko ɗalibi sai ya tsaya ya yi tunani."

"Idon fa, likita? Za a cece shi?"

Likitar ta cire tabarau ta goge, ta ce yanzu ran yarinyar ake nema.

Cikin kwana goma aka gama gwaje-gwaje, aka cire idon. Da sakamakon ya fito aka ce ciwon ya fara bin jijiyar da ke bayan ido, sai an yi mata ƙarin ruwan maganin daji har zagaye shida. Uwar Kati ta tambayi sabuwar likita ko da an gano tun farko idon zai tsira. Ta ce wannan Allah kaɗai ya sani, irin wannan sau da yawa sai an cire, amma da wuya ya kai jijiya.

Uban ya bar mota a hanya ya dawo. Ya tsaya a bakin gado yana kallon bandejin da ya rufe rabin fuskar 'yarsa. Da suka fito waje ya ce, "A asibitin ido kike aiki. Shekara ashirin da uku. Idon 'yarki ya ruɓe a gabanki?" Ta ce ta kawo ta, wallahi ta kawo ta sau tara. Ya ce to ina shaida. Ta ce akwai, yana nan a rubuce, likita ta rubuta komai. Ido ya riga ya tafi, abin da ya rage mata shi ne mijinta da 'ya'yanta, da ita kanta Rediyo in ta girma, su san ba ta yi sakaci ba.

Fayil ɗin ya yi kwana uku a ofishin Babban Likita, ana shirin taron da suke yi kan kowane babban aiki. Ranar da ya dawo taga ta buɗe shi don ta nuna wa mijinta. Tun kafin ta karanta hannunta ya gaya mata. Ƙullin zaren ba nata ba ne. Ta duba kusurwa: ɗaya, sai huɗu. Takarda ta biyu da ta uku babu su. A madadinsu an zura wata sabuwa fil, ba lambar fensir, an rubuta layi uku da hannun da ta fi kowa sani. An ce uwa ta kawo yarinya bayan wata bakwai da fara ciwo. An ce kafin nan tana ɗiga mata magunguna iri-iri a gida ba da umarnin likita ba. An ce wannan ne ganin farko.

Ta karanta sau uku a tsaye. Ta rufe taga, abin da ba ta taɓa yi ba a lokacin aiki, ta hau sama.

Babban Likita ya tarbe ta da fara'arsa, ya tambayi jikin 'yarsa. Ta ajiye fayil ɗin a gabansa ta ce, "Ranka ya daɗe, an cire takarda biyu."

Ya ce rubutun sabuwar likita ne ya yi yawa, yara sukan rubuta abin da ba su da tabbas, shi ya taƙaita.

"Kai ka fara ganinta. Na riƙe maka kofi. Na tambaye ka ko wannan ciwon ne, ka yi mini dariya."

Fara'ar ta ɗauke. Ya ce shi mutum nawa yake gaisawa da su a baranda a rana? Gaisuwa ba ganin likita ba ce. "Ni da abin da ke rubuce nake aiki. Ai ke kika fi kowa sanin wannan, Uwar Kati. Da kin yanka mata kati tun farko, da ba mu zo nan ba." Ya tura mata fayil ɗin da yatsa biyu, ya ce Allah ya ba yarinya lafiya.

Ta nemi sabuwar likita, aka ce lokacinta a sashen ya cika, an tura ta wani asibiti. Saura Sista. Ta same ta a ɗakin magani tana jera kwalabe. Ta ce ba ƙara za ta kai ba, ba ta son a kori kowa. Abu ɗaya take so, Sista ta zo gida ta faɗa wa baban Rediyo da bakinta cewa an kawo yarinyar, kuma ita ce ta fizge katin.

Sista ba ta juyo ba. Ta ce, "Yaya, saura shekara biyu in yi ritaya. Maganin nan daga durowa ya fita, ba a rubuta ba. In maganar nan ta fita daga bakina, ni za a fara kamawa. Ki yi haƙuri, ƙaddara ce."

"Ke kika karɓi haihuwarta."

"Na sani. Ki bar maganar nan, don Allah."

Wannan ya fi mata ciwo fiye da na sama. Likita ai likita ne, fatarsa yake karewa. Amma Sista? Da ta ce mata ƙarya take yi ma da ya fi sauƙi. Ta san gaskiya sarai, ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da jera kwalabe. Ranar Uwar Kati ta ci abincinta ita kaɗai a bayan kantar fayiloli ta tara, tana ci tana hawaye. Tun daga nan 'yan gida suka daina tambayar idon 'yarsu, in sun zo wucewa ta taga sai su ƙara sauri. A gida uban bai sake tayar da zancen ba, amma shi ke kai yarinyar ƙarin ruwa da kansa, ya ce ba ya so a sake yin kuskure.

Bayan wata biyu asibitin ya fito da sabon tsari. An ce kowace safiya, kafin a fara kiran layi, a yi wa iyaye jawabin faɗakarwa kan ciwon dajin ido na yara, kuma Sista aka ɗora wa. Ranar farko ta tsaya a tsakiyar zauren da farar rigarta, taku goma daga taga. Ta iya magana, ba laifi. Ta ce ba kullum ne ciwon yake zuwa da farin ƙyalli ba, wani lokaci jan ido ne kawai da ya ƙi warkewa. Uwar Kati tana yanka kati tana gyaɗa kai, don wannan gaskiya ne.

Sai Sista ta ce, "Bari in ba ku misali. Kwanan nan aka yi wata mata, mai ilimi ce, ba jahila ba. Wata bakwai idon 'yarta yana ja, tana zaune tana ɗiga mata magani a gida. Da ta ga dama ta kawo ta, sai cirewa aka yi. Iyaye mata, kada ku zama irin wannan uwa."

Zauren ya ɗauki salati. Biron da ke hannun Uwar Kati ya tsaya cak.

Matar da ke gaban taga, riƙe da ɗanta mai kumburarren ido, ta juyo tana girgiza kai. "Kin ji, baiwar Allah? Wasu iyayen sai a hankali. Wannan ai da hannunta ta ƙwaƙule wa 'yarta ido."

Uwar Kati ta miƙe tsaye. Muryar da ta yi shekara ashirin da uku tana kiran lamba da ita ta fito, har bencin ƙarshe aka ji. "Ni ce uwar! Sau tara na kawo ta, ga barandar can. Sista, ki faɗa musu wa ya ba ni maganin!"

Sista ta duba takardar hannunta, ta tafa hannu sau biyu ta ce a gyara layi, likita ya iso. Mutane suka fara motsi. Matar ta kalli farar rigar Sista, ta dawo ta kalli Uwar Kati sama da ƙasa. Ta zura hannu ta cikin ƙarafunan ta zare katin ba godiya, ta jawo ɗanta jikinta, ta matsa da shi nesa da taga.